Gurbi Uku a Fayil ɗin Baba

Har gobe, in na ji mutum ya ce "ai wannan aikin minti biyu ne", sai in tuna abin da ya same mu. Da wannan maganar aka tozarta gidanmu a gaban dangi kaf, da rana tsaka, a lasifika. Abin da ya fi ƙona min rai kuwa shi ne a gabana aka ƙulla abin, ina tsaye da hannuwana cikin hijabi sai ka ce baƙuwar da ta zo cin arziki.

Baba akawu ne a tashar jirgin ƙasa. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana zaune gaban tafireta yana buga takardun kaya, buhunan gyaɗar wane, fatun wane, daga ina zuwa ina. Doka ɗaya gare shi, kuma mun haddace ta tun muna firamare saboda yawan maimaici: "Abin da aka faɗa maka shi za ka buga. Kada ka ƙara, kada ka rage, ba kai ne mai kayan ba." Da ya yi ritaya zaman gida ya nemi ya kashe shi. Ni kuma ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a nan Fagge, sai na ba shi tsohuwar kwamfutata ta hannu ko ya samu abin taɓawa. Ya ƙi duk wata manhaja mai kwalliya, wai tana ja masa jan layi a ƙarƙashin sunayen mutane kamar ita ta raɗa musu. Na buɗe masa farin shafi na rubutu zalla, wanda ba ya gyara wa kowa komai. Ya danna, ya danna, ya ce, "Yawwa! Wannan ita ce tafireta."

Aikin da ya ɗora wa kansa shi ne rubuta zuri'armu. Mutanenmu daga gabas suka zo, ta wajen Borno, tun zamanin kakan Baba, suka yada zango a Fagge suna fataucin fata, har zangon ya zama gida. Zuri'a ta yaɗu har wasunmu ba su san juna ba, kuma mutum ɗaya ce ta rage wadda ta riƙe kowa a ka, wato Kaka, mahaifiyar Baba. Idonta ya yi rauni amma kanta garau yake. Kullum da hantsi sai Baba ya ɗauki kwamfutar ya shiga ɗakinta, ya zauna a ƙasa kusa da gadonta, tana faɗa yana bugawa. Shi ne ɗanta na fari, don haka ban taɓa jin ta kira sunansa ba. In tana son ambatonsa sai ta ce "na tasha". Nakan wuce ta ƙofar in ji su, amma ba na tsayawa. Ina ganin hirar tsofaffi ce, ni kuma ina da darasi.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Mutum ɗaya, layi ɗaya. Ɗa ya shige ciki da tazara huɗu daga inda sunan ubansa ya fara, jika ya shige da takwas, haka har ƙasa. In ka dubi shafin kamar matakalar bene yake. Ba lamba, ba ado, ba wani bayani.

Duk shekara, kwana uku bayan Babbar Sallah, muna taron zumunci a gidanmu na gado. A kafa rumfa a ƙofar gida maza su zauna, mu mata mu cika tsakar gida, a ɗaura lasifika a jikin katanga don kowa ya ji. Baba ne mai karanta sunayen. Al'adarmu ita ce in aka kira sunan wanda ya rasu, mai karatu ya ɗan dakata, jama'a su haɗa baki su ce Allah ya jiƙansa, sannan a wuce. In ya iso kansa kuwa sai ya ce, "Sai ni, mai ɓata muku lokaci," a yi dariya, ya shiga lissafo mu, mu biyar.

Baba ya rasu cikin watan Rajab. Kaka tana raye aka fita da shi, kuma ko a ranar ba ta yi kuka a gaban mutane ba, fuskarta kawai ta juya bango. Sallah ta zo Umma ba ta daɗe da fita takaba ba. Ni abu ɗaya nake jira a taron wannan shekarar, kuma na san shi Umma take jira: a kira sunan Baba a lasifika, karo na farko, dangi su haɗa baki su yi masa addu'ar da ya yi shekaru yana dakatawa a yi wa wasu.

Sai ga Yaya. Ɗan ƙanin Baba ne, ya girme ni da shekara shida, yana aiki a Abuja a wani ofishi da har yau ban gane abin da suke yi ba, shi dai kullum "harkar data". Irin mutanen nan ne da in sun zo gida kwana biyu sai sun gyara wa kowa zama. Ya ce bana an wuce zamanin takardun da aka ɗinke da zare, littafi za a buga mai bango mai sheƙi, da zanen bishiyar zuri'a, kowa ya tafi da nasa. Aka kafa kwamiti a zauren dangi na waya, ya naɗa kansa shugaba kafin kowa ya yi tari. Ni aka ba ni aikin jaki. "Ƙanwata," in ji shi, "tunda ke ce malamar kwamfuta, ki mai da mana fayil ɗin Baba Babba tebur." Baba Babba yake kiran Babana. Ban yi musu ba. Har daɗi na ji, don a zatona aikin Baba za a ɗaukaka.

Wadda za ta buga littafin wata mata ce 'yar kudu mai shagon buga katin biki da kalanda a Sabon Gari. A Kano aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan bokonmu daɗin ji, kowa Madam yake ce mata. Ta ce kwamfutarta za ta zana bishiyar da kanta, amma ba ta gane matakalar Baba ba. Tebur take so mai gida uku: lambar mutum, sunansa, da lambar ubansa.

Mutanen sun haura ɗari huɗu, ba zan zauna ina kwafa da hannu ba. Na buɗe baƙin allon nan da ake buga wa kwamfuta umarni kai tsaye, babu hoto, babu linzamin dannawa, wanda ɗalibaina suke gudu kamar an nuna musu allura. Akwai wani ɗan shiri da ake kira awk, aikinsa bin fayil layi-layi yana yin abin da ka sa shi. Na ce masa: kowane layi ka ba shi lamba, ka ƙirga tazarar da ke gabansa don ka san matakinsa, ka riƙe mutum na ƙarshe da ka gani a kowane mataki, duk wanda ya shige ciki to ɗan na ƙarshen da ka gani ne a matakin da ke sama da shi. A ɗakin malamai na rubuta shi, tsakanin darasi da darasi, na gwada a kan wani yanki daga tsakiyar fayil ɗin, ya fito ras. Wallahi har murmushi na yi, na ce ashe Baba ya rubuta abin da na'ura za ta iya karantawa bai sani ba.

Saura kwana huɗu Sallah muka haɗu a shagon Madam, ni da Yaya. Sabon Gari ta cika ta batse, masu adaidaita-sahu suna zage-zage, janareton maƙwabta yana ta ƙara, Yaya kuwa yana ta duban agogo wai yana da wani zama. Madam ta sa teburin a kwamfutarta, kwamfutar ta ƙi karɓa.

"Malama," in ji ta, "akwai mutum uku a nan da ba su da suna. Ga lamba, amma gidan suna wayam."

Abin ya ɗaure min kai. Baba ba mai barin shara a takarda ba ne, mutumin da sai ya goge teburinsa da hankici kafin ya zauna. Na ce, "Bari in buɗe fayil ɗin in ga wuraren. In ban gane ba sai in je gida in tambayi Kaka."

"Haba ƙanwata!" in ji Yaya, yana dariya. "A kan layin da babu komai za ki koma Fagge a wannan cunkoson? Tsoho ne ya danna maɓalli sau biyu. Kawo nan, ai wannan aikin minti biyu ne."

Ya ja kwamfutar gabansa. Madam ta ce, "Alhaji, ka bari ta duba mana. Ni dai a aikin nan na lura tsofaffi ba sa barin fili haka kawai." Ya ce mata, ko kallonta bai yi ba, "Madam, ke dai ki buga abin da aka ba ki." Layi ɗaya ya rubuta, da wani shiri da ake kira sed, ma'anarsa: duk layin da babu harafi a ciki, goge shi. Ya bi da ragowar ta cikin ɗan shirina, tebur ya fito, kwamfutar Madam ta karɓa nan take. Ya tafa hannu ya ce, "Kin gani? Shara ce."

To laifi tudu ne, ba zan taka nawa in hango na Yaya kaɗai ba. Na duba, amma duban wawa na yi. Na ƙirga layuka na ga uku ne suka ragu, daidai da abin da aka goge. Na nemi sunana, ya fito, ga lambar uba a gefensa. Na nemi na ƙannena da na yayana, ɗan farin Baba, duk lambar ubansu ɗaya da tawa. Sai na ce alhamdu lillahi. Ban duba lambar ta wace ce ba. Kuma ban nemi sunan Baba ba. Ni ma 'yar gidan ce, tunda aka haife ni ban taɓa kama sunan ubana ba, balle yanzu da ya kwanta dama. Na ɗora yatsuna a kan harafin farko, na ji ba zan iya ba, na rufe kwamfutar. Wannan shi ne kasona a cikin abin da ya faru, kuma ina ɗauke da shi.

Yaya ya karɓi teburin wai zai ƙara masa kwalliya ya aika wa Madam. Ta ce in zo in ga samfuri kafin ta buga, amma kafin in samu sarari ya riga ya ce mata ta buga, shi ya gani a waya. Littattafan sai ranar taro da safe suka iso a kwali, ya hana a buɗe, wai sai an ƙaddamar.

Ranar taro gida ya cika. Na zauna kusa da Umma, tana sanye da atamfar da ta ɗinka ta fitar takaba, Kaka kuma an fito da ita an shimfiɗa mata darduma a inuwar ɗakinta. Tunda babu Baba, Yaya ya ɗauko sabon limamin masallacin layinmu ya yi karatun, saboda murya gare shi. Bawan Allah baƙo ne, bai san kowa a cikinmu ba, abin da ke takarda shi yake karantawa.

Aka kira sunan kakan Baba aka yi masa addu'a, sannan aka fara da reshen wan kakanmu, don shi ne babba. Ana kira, ana dakatawa, ana Allah ya jiƙansa. Har aka iso autan wannan reshen, wanda muke kira Baffan Kwaciri don a unguwar Kwaciri yake zaune. Tsoho ne mai haƙuri, aure uku ya yi Allah bai ba shi haihuwa ba, kowa ya san wannan ciwon nasa, ba mai taɓa masa. Liman ya kira sunansa, sannan ya gyara murya ya ce, "'Ya'yansa su biyar." Ya kira sunan yayana. Ya kira nawa. Ya kira na ƙannena uku, ɗaya bayan ɗaya, da muryar nan tasa mai daɗi.

Mutane suka fara kallon juna. Sai wani daga rumfar maza, kuma na gane muryarsa, Allah ya isa tsakanina da shi, ya ce, "Baffa, ashe ɓoye mana ka yi!" Rumfa ta fashe da dariya, lasifika ta kwaso ta ta zuba mana a tsakar gida. Mata ba su yi dariya ba, abin da suka yi ya fi dariya muni. Juyowa suka yi suna satar kallon Umma. Wata ta ce "Ikon Allah" a hankali. Matar da ta yi shekara arba'in a ɗakin miji ɗaya, wata guda da fita takabarsa, aka ɗauki 'ya'yanta biyar aka ba ɗan'uwansa a bainar jama'a. Umma ta ja mayafinta ta rufe baki.

Liman bai san abin da ya yi ba, ya ci gaba. Ya kira sunan kakanmu, aka yi masa addu'a. Ya ce, "'Ya'yansa," ya fara da mahaifin Yaya, wanda shi ne na biyu. Ya wuce zuwa na uku. Babu Baba. Babu dakatawa, babu Allah ya jiƙansa, kamar ba a taɓa haihuwarsa ba, a littafin da shi ya zauna a ƙasa ya buga da yatsunsa.

Kaka ta ɗago kai ta ce, "An tsallake." Ba da ƙarfi ba. Ta sake cewa, "An tsallake."

A nan kaina ya waye, wayewar da ba ta da amfani. Mutum uku ne Kaka ba za ta taɓa kama sunansu ba: surukinta, mijinta, da ɗanta na fari. In ta iso kansu tana faɗa sai ta yi shiru. Baba kuwa abin da aka faɗa masa shi yake bugawa, ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. Ta yi shiru, shi ma ya buga shiru, ya bar musu layinsu. In yana karatu a taro da baki yake cike gurbin, shi ya sa ba wanda ya taɓa sanin akwai su. Da aka goge layin Baba, ɗan shirina ya waiwaya neman ubanmu, mutum na ƙarshe da ya gani a wannan matakin shi ne Baffan Kwaciri, sai ya liƙa mu a jikinsa. Na'ura ba ta yi ƙarya ba, abin da muka sa ta ta yi.

Amma wani abu ya tsaya min a rai. In an goge uku, ya aka yi na ji sunan kakanmu da na mahaifinsa a lasifika? Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ratsa zaure na fita rumfar maza, abin da ban taɓa yi ba, ko takalmi babu a ƙafata. Yaya ya riga ya karɓi makirfo daga hannun liman yana ƙoƙarin mai da abin raha.

Na ce, "Yaya, ina ubana?"

"Ƙanwata, kwantar da hankalinki, ɗan kuskure ne, za a gyara a bugu na biyu."

"Ya aka yi sunan kakanmu ya dawo bayan ka goge shi a gabana?"

Ya ce ai da ya koma masauki ya duba sunan nasa mahaifin, sai ya gan shi ƙarƙashin wani mutum daban, ya gane kakanmu ne ya ɓace, ya sa shi da hannu, ya sa na mahaifin kakanmu a sama. Ku ji fa! Ya gane da idonsa cewa layukan da ya kira shara mutane ne. Ya san uku ya goge. Ya mayar da biyu, waɗanda suka shafi nasa uban, ya kwanta ya yi barcinsa, bai tambayi kansa na ukun wane ne ba, bai ɗaga waya ya kira ni ba. Na ce, "Wato kai da ka ga gidanku ya tsaya daidai, sauran ko oho? Tir da wannan ilimin, Yaya. Tir!" Dattawa suna ta "Subhanallah, ke 'yar nan, yi haƙuri," ni kuwa ko ganinsu ba na yi.

Da a nan ya tsaya ya ce a yafe masa, da watakila yau mun wuce wurin. Amma girman kai ba zai bar shi ba. Ya manta makirfon a kunne yake, ko kuwa bai manta ba, Allah ne masani. Ya ce, "Jama'a, mu fa abin da ke cikin fayil muka buga. Abin da Kaka ta faɗa da bakinta ne. In babu sunan Baba Babba a ciki, to ita ce ba ta faɗa ba. Kun san tsufa, mantuwa ta kan zo."

Wannan maganar ta shiga tsakar gida tun kafin ya rufe baki. Mantuwa! Matar da ta riƙe mutum ɗari huɗu a ka, ita ce za ta manta wanda ta fara haifa, wata biyar da binne shi? Shi da aka haifa a gidan nan, ya tashi yana jin "na tasha", shi ne zai kira kunyar uwa mantuwa don ya wanke kansa? Na buɗe baki zan faɗi abin da har yau nake godiya ga Allah ban faɗa ba, sai wata gwaggonmu ta leƙo daga zaure ta ce Kaka ta ce a kawo mata abin maganar.

Ni na kai mata. Na durƙusa na ce, "Kaka, ki bari, ni zan faɗa, kowa ya san sunan." Ta ture hannuna, ta laluba ta kama makirfon da hannu biyu. Ta ce, "Ban manta ba." Sannan ta kira sunansa. Sau ɗaya, cikakke, da na ubansa a haɗe, suna biyu da ta fi shekara saba'in tana kewayewa. Muryarta ta karye a ƙarshe. Rumfar maza da tsakar gida suka haɗa baki suka ce Allah ya jiƙansa, da ƙarfin da ban taɓa ji ba, Umma ta kifa kanta a cinyata tana kuka. Addu'ar da na yi wata biyar ina jira ta zo, amma ba haka na so ta zo ba. Kaka ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya kamar wadda aka tuɓe wa zani a kasuwa, ta ce a mai da ita ɗaki. Ranar ko ruwa ba ta sha ba sai da magariba.

Kuma wai don a ƙarasa ni, kafin la'asar wasu 'yan banza sun ɗauka a waya sun watsa a zauren dangi, da hotunan zuciya da na hawaye a ƙasa, wai "abin taɓa zuciya". Na bi su ɗaya bayan ɗaya na ce duk wanda bai goge ba ni da shi har abada. Wasu sun goge. Amma magana zarar bunu ce.

Bayan kwana biyu na zauna na sake aikin daga asalin fayil ɗin, wanda Allah ya sa ban bari an taɓa ba. Na gyara ɗan shirina yadda in ya ga layi babu suna zai tsaya cak ya nuna min wurin, ba zai wuce ba sai na amsa. Ya tsaya sau uku. Da na iso na ukun na sa ya nuna min abin da ido ba ya gani, sai ga tazara takwas a jere. Baba ya danna sau takwas ya kai kansa daidai mazauninsa a ƙarƙashin ubansa, sannan ya sauka layi na gaba ya fara da yayana. A teburin na buga sunansa da yatsuna, na cije na buga. Fayil ɗinsa kuwa ban taɓa ba, yana nan yadda ya bar shi.

Madam ta sake bugawa, ba ta ce ai na faɗa muku ba, amma na ga maganar a idonta. Muka bi gida-gida muna karɓar na farkon. Da muka je Kwaciri ba Baffa haƙuri, ya ce ba komai, ya sa mana albarka, amma ya roƙi a bar masa kwafinsa. Ban iya ce masa a'a ba. Yaya kuwa saƙo ya turo daga Abuja mai layi biyu, wai "a yi haƙuri da abin da ya faru", kamar ruwan sama ne ya yi ɓarnar. Muna gaisawa saboda zumunci, amma ko wayata ba ya taɓawa.

Ranar da sabon littafin ya fito na kai wa Kaka bayan la'asar. Ta shafa bangon, ta ajiye a gefe ba ta buɗe ba. Na zauna a ƙasa, daidai inda Baba yake zama, ban ma lura ba sai da na zauna. Can ta ce, "Ke 'yar nan. Da nake faɗa yana bugawa, in na yi shiru, me yake yi?"

Na ce, "Yana barin wurin a buɗe, Kaka. Ba ya rubuta komai, amma ba ya ba kowa wurin."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta juya fuskarta wajen bango.

"Shi fa ban taɓa buƙatar kiransa ba," in ji ta. "Kafin in buɗe baki ya zo."